Mayar ƙauyenmu tana ƙafewa tun Janairu: mu haƙa ta ko mu nome ta?

Ɗan Gaɓar Dindir

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyaye da yayye, shawara nake nema a madadin kwamitin ƙauyenmu. Muna gaɓar kogin Dindir a Sudan, ƙasa da gandun daji na Dindir, kuma a bayan gari muna da maya, wato irin tafkin nan da kogi ke bari in ya sake hanya, wanda a ƙasar Hausa za a ce masa tafki ko fadama. In ta cika, faɗinta ya kai faddan 50 (faddan shi ne ma'aunin gona a nan). A da ruwanta kan kai Afrilu, wata shekarar har ya haɗu da sabon ruwa. Yanzu shekara huɗu ke nan Janairu ba ya ƙarewa sai ta koma taɓo. Zurfin tsakiyarta bayan damina bai wuce mita ɗaya da rabi ba, alhali dattawa sun ce a da yana shanye dogon mutum har da hannunsa a sama. Kifi ya ragu, dinya da kirinjijiya ba sa sauka kamar da, rijiyoyin da ke kusa da ita sun yi ƙasa. Akwai injinan ban-ruwa goma a bakinta na masu albasa da tumatir. Gabaruwar da ta kewaye ta kuwa an sare fiye da rabi an yi gawayi, tun da yaƙi ya sa gas ya yi wuya.

Gari ya rabu uku. Wasu sun ce a haɗa kuɗi a kawo motar haƙa ta zurfafa tsakiya. Wasu sun ce tunda ta mutu a raba ta a nome, a huta da sauro. Wasu kuma sun ce duk laifin babbar madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu ne, babu abin da za mu iya. Don Allah masana a cikinku, ta ina za mu fara?

Malam Na-Sinja

Wa alaikumus salam, ɗana. Mu fara cire madatsar Habasha daga lissafinku. Kogin Dindir daga tsaunukan Habasha yake tasowa, yamma da tafkin Tana, amma ba ya bi ta waccan madatsa; sai can ƙasa da Sinnar yake zubawa a Shuɗin Nilu. Abin da ke kashe mayarku yana kusa da ku, kuma a bayaninka ka riga ka faɗi uku daga ciki: cikowar laka, injina, da sarar itace.

Fara da lissafin ruwa, don shi ne zai raba gardama a gaban kwamiti. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, don haka faddan 50 ya kama 210,000. Santimita ɗaya na zurfi a wannan faɗi ruwa ne mita-kubik 2,100. A rani rana da iska kan sha kusan milimita 7 a yini daga buɗaɗɗen ruwa a yankinmu, sanyi ya ɗan rage, bazara ta ƙara. Da wannan kaɗai, mita ɗaya da rabi zai kai ku wata shida zuwa bakwai. To ɗora injina. Inji mai bakin inci uku yana jan wajen mita-kubik 50 a awa. Guda goma, awa shida a yini, 3,000 ke nan, wato ninki biyu na abin da rana ke sha. Haɗa su ka ga kusan santimita 2 kowace rana. Raba 150 da 2, kwana 75. Ƙirga daga farkon Nuwamba da kogi ke tsayawa, sai ka sauka a tsakiyar Janairu, daidai inda ka ce tana ƙafewa. Kuma da ruwa ya ja baya faɗi ya ragu, injinan sun fi saurin sauke shi.

Ban ce a kori masu lambu ba, da shi suke ci. A yi musu kaso. A kafa doguwar sanda mai ƙarfi a wuri mai zurfi, a zana ta kowane santimita 10, a sa jan fenti a inda aka yarda inji zai tsaya. In kun ba su santimita 40 na sama, ruwa ne kusan mita-kubik 84,000. A Jazira, babban yankin noman ban-ruwa na Sudan, ana lissafin ban-ruwa ɗaya na faddan guda a kan mita-kubik 400, albasa kuma za ta sha wajen sau 15 kafin a cire ta, wato 6,000 ga kowane faddan. Ke nan kason zai ɗauki faddan 14 ne kawai. Abin da ya wuce haka a nemo masa ruwa daga gadon kogi: Dindir in ya tsaya, akwai ruwa a ƙarƙashin yashinsa, ana kafa bututu a ja.

Yanzu maganar haƙa. Kada ku bari motar haƙa ta taɓa tsakiyar maya kafin ku san abin da ke ƙasa. Maya tsohon gadon kogi ce. Abin da ke riƙe ruwanta shi ne shimfiɗar baƙar laka da ta kwanta a kan tsohon yashi shekara da shekaru. In haƙorin mota ya huda lakar ya kai yashi, kun yi wa tukunya rami a gindi, ruwan da ke kai Janairu zai tsiyaye tun Disamba. In ta bushe a Maris, ku gina ramuka biyar ko shida a jere daga baki zuwa tsakiya, kowane faɗin mita guda, ku duba bangonsu. Sabuwar cikowa ta fi haske, tana da laushi, tana zuwa hawa-hawa kamar shafukan littafi, wani lokaci da siririn yashi a tsakani. Tsohuwar laka baƙa ce ƙirin, tana danƙo, in ka murza ta a tafin hannu tana yin igiya ba ta karye ba. Sabuwar kaɗai ake kwashewa. Inda kaurin tsohuwar bai kai rabin mita ba, a bar wurin gaba ɗaya.

Aikin da ya fi haƙa amfani yana bakin maya, wato ƙoramar da ke shigo da ruwa daga kogi. Galibi nan ne cikowa ke fara taruwa ta yi tudu, sai ya zama kogi bai isa ya tsallaka ba sai a ƙololuwar cikarsa, kwana kaɗan a ƙarshen Agusta ko Satumba. Maya ta sha rabin ciki kogi ya sauka. Ku samo farin tiyo wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mita 15 ko 20, ku cika shi da ruwa ba kumfa, ku kafa turaku kowane mita 10 tun daga kogi har cikin maya, ku auna tsayin ƙasa a gindin kowane turke. Nan take za ku ga inda tudun yake. Misali ƙorama mai tsawon mita 300, a kwashe faɗin mita 2 da zurfin rabin mita, ƙasa ce mita-kubik 300. Mutum guda da diga da shebur yana fitar da wajen 2 a yini a busasshiyar laka, ke nan aikin gayya na mutum 30 a kwana biyar. Ba sai an yi hayar mota ba.

Kurakurai uku da ake yi a nan. Na farko, a tara ƙasar da aka haƙa a leɓen ƙorama. Ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito, don haka a kai ta aƙalla mita 10 baya a daddale. Na biyu, a sare bango a miƙe kamar na rijiya. Baƙar ƙasa tana tsagewa ta rufta, a kwantar da shi, kowane mita na zurfi a ba shi mita biyu na kwanciya. Na uku shi ne mafi muni: a zurfafa ƙoramar har ta yi daidai da gindin maya. In aka yi haka, ranar da kogi ya sauka ruwan zai bi ta inda ya shigo ya koma. Dole a bar dokin ƙofa, wuri guda mai ɗan tudu da za a toshe da buhunan ƙasa in kogi ya fara ja.

In mayar tana da baki biyu, na sama da na ƙasa, ku buɗe na ƙasa. Ta nan ruwa ke shigowa da baya-baya a hankali, ya bar yashinsa a kogi. Bakin sama yana fuskantar ƙarfin ruwa, duk abin da kogi ya ɗauko ciki zai juye. Ni a ganina ma a toshe baki a makonnin farko na cikowa, don ruwan Yuli shi ya fi kauri da laka, a buɗe in ya fara washewa.

Tsohon Masunci, Mai Wurno

Malam Na-Sinja, Allah ya ƙara sani. Duk na yarda da kai ban da maganarka ta ƙarshe. In aka toshe baki a farkon cikowa an toshe wa kifi ƙofar ɗakin haihuwa. Tarwaɗa, wadda Larabawan nan ke kira garmut, da jan ruwan farko take hawa. Tana bin sabon ruwa ta shiga ciyawar da ya rufe, da dare ta zuba ƙwai ya manne a jikin ciyawa, cikin yini ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. In ka jira ruwa ya washe, lokacinta ya wuce. Karfasa kuma, bulɗi ke nan, namijin ke share ɗan gurbi kamar faranti a wuri marar zurfi, macen ta kwashe ƙwai a bakinta ta riƙe wajen mako biyu ba ta ci ba ta sha. Duk wannan a gefen maya ake yinsa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Shi ya sa nake ƙin haƙa irin na hafir, wato ramin tara ruwan damina, mai miƙaƙƙen bango: za ka sami ruwa, amma ba gefe, ba ciyawa, ba 'ya'yan kifi.

Maganin laka ba rufe ƙofa ba ne. A faɗaɗa wani yanki na ƙoramar kusa da inda take shiga maya, ya ninka faɗinta sau huɗu ko biyar, tsawon mita 30, a ƙara masa zurfi kaɗan, a bar burgu da sauran ciyawa su tsiro a bayansa. Ruwa in ya zo nan gudunsa zai mutu, mai nauyi ya kwanta. Wannan wurin kaɗai za ku riƙa kwashewa duk shekara, kuma ƙasarsa taki ce, masu lambu da masu bulo da kansu za su ɗebe.

Wajen toshewa in kogi ya fara sauka, kada a yi gaggawa. A sa turke a bakin ruwa, ranar da aka ga ruwan ƙorama ya juya yana fita, a bar shi kwana uku zuwa biyar manyan kifi da ke son komawa kogi su fita, su ne iyayen baɗi. Sannan a jera buhuna. A waɗannan kwanaki a hana kowa datse ƙorama da taru ko gura daga gefe zuwa gefe.

Ɗana, dokokin kamun kifi da za ku rubuta ba su da yawa. Ba kamun kifi daga shigowar ruwa har wata biyu bayan toshe baki. Kalli ya zama idonsa na shige yatsu huɗu. Gidan sauro ba koma ba ne; wanda ya ja shi a ruwa ya kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba, buhu guda na irin wannan kwanduna ne na kifin watan Maris. Maganin ƙwari kuwa, wanda ya zuba shi don kifi ya taso, a kai shi gaban hukuma, ba sulhu. Yana kashe har kwaɗi da ƙwarin ruwa da kifi ke ci, zalɓe da balbela su ci mataccen kifi su bi shi, mutane kuma su saya a kasuwa ba su sani ba. Haka wanke tankin feshi a bakin maya.

Wani abu da manoma ba su cika lura da shi ba: gaiwa. In ruwa ya ƙafe tana nutsewa cikin taɓo ta naɗe jikinta da majina ta bushe kamar kwasfa, ta bar 'yar ƙofar shan iska, ta kwanta har damina. Garmar tarakta in ta bi gindin maya a rani ita take fara yankawa.

Mu na Shuɗin Nilu lamarinmu dabam ne, kada wani daga Sinja ko Rusairis ya karanta ya ɗauka duk ɗaya ne. Kogin namu yana da madatsar Sinnar tun 1925, da ta Rusairis tun 1966 wadda aka ƙara wa tsayi mita 10 a 2013, ga ta Habasha da ta fara tara ruwa a 2020. Cikowar damina ta rage tsayi, ruwan rani ya ƙaru, laka ta ragu. Mayar da ke kan tudu tana iya rasa ruwa sam, ta kwari kuma ruwa ya daɗe a cikinta fiye da yadda gabaruwa ke so. Duk mai maya a wannan gaɓa sai ya sake auna bakinta da sabon tsayin kogi, ba da alamar da kakanni suka sa a jikin itace ba.

Hajiya 'Yar Gadarif

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Baba Masunci. Ni ta wajen itace da tsuntsaye zan shigo, don in kun gyara baki kun bar gefe tsirara, shekara uku cikowa za ta dawo. Ba duk lakar daga kogi take ba. Mai yawa daga gonakin da ke kewaye take gangarowa, musamman inda aka nome har bakin ruwa ko aka ƙone ciyawa a bazara, ruwan farko ya sami ƙasa ba sutura.

Ku ware zobe kewaye da maya, aƙalla taku 50 daga inda ruwa ke tsayawa in ta cika, ba noma ba wuta. Inda kwazazzabo ya riga ya ɓalle, a datse shi da turaku da rassan ƙaya da buhunan ƙasa, tsayin kowane datsi kada ya wuce rabin mita, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta kai, a shimfiɗa rassa a inda zai faɗo. In an yi tsakiya da tsayi, ruwa zai ci gefe ya buɗe sabon rami. Gara ƙanana da yawa a jere da babba guda. Masu manyan gonakin tarakta kuma a tuna musu dokar daji ta ce a bar kashi 10 cikin ɗari na gonar damina da itatuwa, kashi 5 a ta ban-ruwa.

Gabaruwa, sunuɗ ke nan a bakin mutanen nan, ita ce itacen maya. Dazuzzukanta da ke gaɓar Shuɗin Nilu tun zamanin Turawa ake renonsu don katakon layin dogo, kuma duk a cikin mayoyi suke, saboda babbar gabaruwa tana jure tsayawa cikin ruwa wata da watanni. Ƙaramar ce ba ta jurewa: in ruwa ya rufe kanta ta mutu. Don haka ba a shuka ta kafin cikowa, sai ruwa na janyewa, a bi shi a baya a kan danshi. Ƙwayar tana da tauri, in ka shuka ta haka nan kaɗan za ta fito. A tafasa ruwa a sauke, a zuba iri, a bar shi ya kwana ya yini, a tsince waɗanda suka kumbura a shuka a ranar. Wata hanyar mai sauƙi ita ce a tattaro kashin awakin da suka ci bagaruwa daga turke, cikinsu ya riga ya yi aikin. Rami ɗan yatsa biyu, ƙwaya uku, tazarar mita biyu-biyu, daga baya a cire raunana. Abin da ke kashe aikin ba fari ba ne, akuya ce. Sai an yi shinge na ƙaya da mai gadi na shekara uku. Kututturen da aka sare kuma in ya yi toho a bar masa reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Ku je ofishin Hukumar Dazuzzuka ta Ƙasa mafi kusa ku nemi a yi wa zoben rajista a matsayin dajin al'umma, ita ce takardar da za ta tsaya muku in wani ya zo da tarakta ya ce nasa ne. Mata kuma su sami kason tsintar garad, wato bagaruwa, majema na saye, ga magani.

Ku yi hattara da miskit, wani baƙon itacen ƙaya mai mamaye ƙasa. An shigo da shi Sudan a 1917, ya zama annoba har aka ba da umarnin kawar da shi a 1995. Dabbobi ke kawo irinsa a kashinsu. In kun ga ƙarami ku tumɓuke da saiwa tun ƙasa na da danshi. Sara daga sama toho yake ƙara masa.

Ƙanena, ka ce dinya da kirinjijiya sun ragu. Ba ruwa kaɗai suke nema ba, suna neman ruwa mai hawa-hawa. Agwagin daji na kiwo inda akwai bado da irin ciyawa, masu dogayen ƙafa na bin taɓon da ruwa ya saki jiya, kwasa-kwasa na son buɗaɗɗen wuri mai kifi, gauraka na yin sheƙa a cikin ciyawar da ke tsaye a ruwa lokacin damina. Daga Oktoba zuwa Maris kuma akwai baƙi daga Turai da Asiya da ke bin kwarin Nilu, har da rahu, ɗan uwan gauraka, da ake jin kukansa a sama in sanyi ya shigo. Waɗannan sun ƙetare Sahara, kuma kafin su koma a Maris sai sun tara kitse. Mayar da ta ƙafe a Janairu ta yanke musu guzuri ana saura wata biyu tafiya. Shamuwa ita ce ke zuwa da damina ta yi sheƙa a cikin gari, kuma ita da balbela fara da tsutsa suke ci a gonakinku.

Dubi gandun Dindir da ke sama da ku. An kafa shi a 1935, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1979, a 2005 kuma ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 10,000, amma a rani rayuwarsa duk a bakin mayoyi take taruwa, irin su Ras Amir da Girerisa da Musa: ɓauna, gwambaza, kwanta-rafi, mugun dawa, jimina, zaki na biye da su. Can ma ciwon ɗaya ne da naku, cikowa da toshewar baki, kuma maganin da aka yi wa wasu mayoyin shi ne share ƙoramun da ke ciyar da su. Raƙumin dawa ya ɓace daga gandun tun shekarun 1980, bayan gonakin tarakta sun rufe wuraren da namun daji ke fita kiwo da damina. Mayoyin ƙauyuka irin taku in suna da ruwa, makiyaya ba sa matsawa cikin gandu neman mashaya.

Likitan Dabbobi

Salamu alaikum. Masu cewa a nome ta don sauro ba su yi ƙarya ba cewa akwai cuta a bakin ruwa, sai dai sun saɓa wurin. Sauron zazzaɓi ba ya son tsakiyar maya inda kifi da ƙwarin ruwa ke cinye tsutsarsa. Yana son ɗan ruwa mai ɗumi da rana ke duka: sawun kofato, ramin masu bulo, ruwan da ya kwanta a kwamin lambu, yoyon tiyon inji. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Duk kwamin da ruwa ya wuce kwana biyar a tsaye a cikinsa a sake shi, ramukan bulo a cike ko a haɗa su da maya kifi ya shiga. Maya mai mutuwa, wadda ta farfashe ta zama ƙananan kududdufai, ta fi mai rai haifar sauro nesa ba kusa ba.

Tsargiya ita ce abin tsoro na gaske. Ƙananan katantanwar ruwa ke ɗauke da ita, tana shiga ta fata, kuma ta fi fitowa daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da yara ke wanka. Mai ita in ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ya sake shuka ta. A yi masai nesa da zoben, a gina rijiya taku 30 ko fiye daga baki don sha da wanki. Ruwan da aka ɗebo daga maya in ya kwana biyu a randa ƙwayar tsargiya ta mutu, ana iya wanka da shi, amma na sha sai an tafasa. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, maganin praziquantel ne, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo.

Dabbobi kuma ciwon hanta na tsutsa suke ɗauka, daga ciyawar bakin ruwa da wata katantanwar ta bar wa ƙwayar. Alamarsa rama, kumburi a ƙarƙashin haɓa, farin ido, nono ya ja baya. Triclabendazole na kashe tsutsar ƙanana da manya, miligiram 12 ga kilo a shanu, 10 a tumaki da awaki, sau biyu a shekara, bayan damina da ƙarshen rani. Ba a ba saniyar da ake tatsa don sha, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin yanka. Kuskuren da ake yi shi ne kintata nauyi da ido a rage awo, tsutsa ta saba da magani.

Kada ku rufe wa makiyaya ruwa, rigima za ta ci aikin duka. A zauna da shugabanninsu kafin a kafa turke ko ɗaya. A bar burtali mai faɗi zuwa mashaya biyu, a wurin da ƙasa ta fi tauri, nesa da bakin ƙorama da wurin sabuwar gabaruwa. In da hali a yi kwamin siminti a wajen zoben, inji guda ya riƙa cika shi. Garke ya sha ba tare da ya shiga taɓo ba, an rage ciwon hanta da sawun kofato a lokaci guda. Burgu kuma a yanka a kai musu maimakon a sake su ciki, a bar tsawon taƙi guda a ƙasa don ya sake toho.

Ɗan Gaɓar Dindir

Allah ya saka muku da alheri, iyayena. Na karanta wa kwamiti bayan sallar Juma'a. An amince a kafa sandar awo wannan makon, ramukan gwaji da awon tiyo kuma sai Maris in ta bushe sarai. Masu injina sun nemi a bar su su cire albasar bana kafin jan fenti ya fara aiki, an yarda. Saura tambaya ɗaya, Malam: mayarmu baki biyu gare ta, amma na ƙasa ya toshe tun da daɗewa har an yi gona a kansa, na sama ne ke aiki. Mu gyara na saman kawai?

Malam Na-Sinja

Ku auna duka biyun da tiyo kafin ku yanke. In tudun bakin ƙasa bai fi mita guda a kan na sama ba, ya cancanci a nemi mai gonar a musanya masa wuri, faɗin mita 6 kawai ake bukata har da kwanciyar bango da inda za a bi. In bai yiwu bana ba, ku gyara na sama, amma ku karkatar da bakinsa ya dubi inda kogi ya nufa, ba inda ya fito ba, kuma matarar laka da Baba Masunci ya kwatanta ta zama tilas, ku ninka tsawonta zuwa mita 60. Na janye maganar toshewa a farkon cikowa, hujjarsa ta fi tawa. Ku gama haƙa kafin ƙarshen Mayu, don baƙar ƙasa in ta sha ruwan farko shebur ba ya fita daga cikinta. Wani ya riƙa rubuta abin da sandar ta nuna kowace Juma'a a littafi guda, da ranar da ruwa ya shigo da ranar da aka toshe baki, ku kawo mana lambobin a nan in Allah ya kai mu Nuwamba mu sake lissafin kason masu lambu da su.